Shuɗin Bangon Gidanmu na Zurmi

Gidanmu na Zurmi ginin ƙasa ne kamar sauran gidajen unguwar, sai dai fuskarsa ta waje an shafe ta da siminti, an yi mata fenti shuɗi. Ba irin shuɗin nan mai haske da ake yi wa ajujuwan makaranta ba. Shuɗi ne mai duhu, mai sheƙi, wanda tun daga kan kwana yake cika wa mutum ido. Baba ya sayo shi a Kaura Namoda shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Lokacin yana aikin awon auduga a can, jirgin ƙasa kuma yana kawo kaya a kai a kai, duk abin da ka nema za ka samu a kantunan bakin tasha. Galan uku ya sayo. Ya shafa biyu, ya ɓoye ɗaya ƙarƙashin gado, bayan wasu shekaru ya fito da shi ya sake bin bangon. Akwai darbejiya a ƙofar gidan tana tare masa ranar yamma, don haka bai koɗe ba.

Fiye da shekara goma bayan nan, muna cikin jihar Sakkwato har lokacin, ina koyarwa a firamare ta Sakajiki, ina zuwa gida ƙarshen mako a kan babur. Wata Juma'a cikin damina na iso na tarar kusan rabin shafen, daga ƙofar zaure zuwa kusurwar gabas, ya zube ƙasa. Indararo ne ya tsage, ruwa ya daɗe yana bin bayan simintin ba wanda ya lura. Gyaran bai ba mu wahala ba. Magini ya zo, cikin kwana uku ya mai da shafe, ya bar mana rabin bango shuɗi, rabi ruwan toka.

Baba ya kira ni dakali. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, tun da na fara koyarwa kuma sai ya koma ce mini Malam.

Ya ce, "Malam, ka biya Kaura ka samo muna irin fentin nan. Shi ɗai nika so, ba wani ba."

Na ce to. Na tsinci ɓallin shafe mai faɗin tafin hannu cikin tarin da ya zube, na naɗe shi a hankici, na sa aljihu. A zatona aikin rana ɗaya ne.

Kantin da Baba ya sayi fentin yana nan, amma mai shi ya tsufa ya koma garinsu, ɗansa ke riƙe da shi. Ibo ne haifaffen Kaura, Hausarsa irin tamu. Ya karɓi ɓallin, ya fita da shi bakin ƙofa inda akwai haske, ya juya shi, ya yi murmushi.

Ya ce, "Na san shi. Daga waje yake zuwa. Malam, rabona da ganin galan ɗinsa tun kafin a hana shigo da kaya. Yanzu ko sabulu sai an yi layi, balle wannan."

Na ce, "To mene ne mafi kusa da shi?"

Ya jawo wani kwali mai ƙananan launuka jere, muka riƙa ɗora ɓallin a kan kowane shuɗi. Guda huɗu ne kawai, cikinsu ma biyu babu su a kantin. Muka zaɓi mafi duhu cikin sauran. Ya gargaɗe ni cewa fenti in ya bushe yakan sake kama, amma na riga na ƙosa, na ɗaure galan a bayan babur na kama hanyar Zurmi.

Ban shafa duka ba. Na yi gwaji kamar faɗin tabarma kusa da tsohon. Yana jiƙe sai ka rantse shi ne. Washegari da ya bushe sai ya yi fari-fari, kamar rigar da ta sha wanki. Baba ya fito daga zaure, ya tsaya daf da bangon, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wanga ba shi na ba."

Wannan karon ban yi musu ba, don ni ma na ga bambancin.

Daga nan masu ba da shawara suka yi yawa. Kowa ya zo wucewa sai ya tsaya. Wani maƙwabcinmu ya ce a dama bula ta wanki da farar ƙasa, haka aka yi wa masallacin ƙauyensu. Ban yarda ba, amma Baba ya ce a gwada, mene ne a ciki. Na gwada a ƙasan bangon, saman dakali. Ruwan farko da ya sauka ya wanke shi tas, ya gangaro kan dakalin, Baba kuma ya zo ya zauna da farar rigarsa ta Juma'a bai lura ba. Inna ta wanke rigar sau uku, kuma a inda zan gani ta shanya ta.

Wani direba ya ce mini a Shinkafi akwai masu kawo kaya daga Nijar, in dai abu na waje ne can zan same shi. Kasuwar Shinkafi ranar Alhamis take ci, ranar makaranta. Sai da na je wurin hedimasta na roƙi izini, da ya tambayi dalili na rasa yadda zan ce masa fenti zan je nema, na ce saƙon tsoho ne. Na bar babur a Kaura na hau motar kasuwa, a tsakanin buhunan gero da wani rago da ya yi ta taka mini ƙafa har muka isa.

Na zagaya kasuwar nan tun hantsi har azahar ina nuna wa mutane ɓallin siminti. Wasu su yi dariya, wasu su tura ni rumfar masu shuni, wasu su ce in je marina. Daga ƙarshe na sami wani Ba'adare, mutumin Nijar, mai sayar da fitilu da ƙusoshi da igiya, a bayan rumfarsa akwai gwangwanaye shida masu rubutun Faransanci. Ya buɗe ɗaya da bakin wuƙa, ya tsoma tsinke, ya ɗiga a gefen ɓallin nawa. A inuwar rumfar ban ga wani bambanci ba. Na ce mu fita rana, ya ce ba zai bar kayansa ba, ni kuma ba zai ba ni gwangwani in tafi da shi ban saya ba. Na saya.

A hanyar komawa motar ta faɗa wani rami, murfin da Ba'adaren ya buɗe da wuƙa ya ɗaga, fenti ya zubo mini a cinya har cikin takalmi. Haka na sauka a tashar Kaura da ƙafar wando ɗaya shuɗiya. Abin da ya rage na kai Zurmi ranar Asabar na shafa. Da ya bushe sai ya ɗauko ja-ja, ya koma wajen shunayya. Baba ya duba ya ce, "Wanga ba shi na ba." Na ce na gani.

Yanzu bangon ya zama abin kallo. Tsohon shuɗi a hagu, sai mai fari-fari, sai shunayya, sai dabbare-dabbaren bula a ƙasa, sauran kuma siminti tsirara. Na ce wa Baba mu haƙura mu zaɓi ɗaya mu shafe bangon gaba ɗaya da shi, in babu tsohon a gefe ba wanda zai gane. Ya ce shi zai gane. Ya ce muddin yana da rai ba mai taɓa tsohon ɓangaren.

Mai kanti ne ya tura ni wurin wani mai zanen motoci a bayan tashar Kaura, wanda ke yi wa manyan motocin katako furanni da zakuna da rubutu. Mutum ne siriri, ba ya son magana, farcensa kowane da launinsa. Ya karɓi ɓallin, wanda a lokacin ya gutsure ya rage kamar rabi, ya tofa masa yawu ya goge da babban yatsa, ya ce in zauna. Ya jera gwangwanayen madara guda biyar a ƙasa. Ya zuba shuɗi, ya ɗiga baƙi, ya motsa, ya shafa a kan wani guntun kwano, ya ajiye a rana. Ba ya duba shi sai ya bushe. In ya bushe ya kara da ɓallin, ya girgiza kai, ya koma. A karo na huɗu ya ɗiga kore kaɗan, abin da ni ban taɓa tunani ba. Sai da la'asar ta yi ya miƙo mini guntun kwanon da ɓallin a kai.

Ya ce, "Nuna mini inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara."

Na duba a rana, na duba a inuwa, ban iya ba. Ya haɗa mini rabin galan. A hanya har waƙa na yi a kan babur.

Na shafa shi manne da tsohon, ba tazara. Na kira maginin da maƙwabcin nan mai shawarar bula, na ce su nuna mini iyakar. Maginin sai da ya sa hannu ya lalubi gaɓar siminti kafin ya gane. Sannan na shiga na kira Baba. Ya fito, ya matsa kusa, ya ja da baya, ya sake matsawa.

Ya ce, "Wanga ya mutu. Babu rai gare shi. Ba shi na ba."

 Na ce, "Baba, ga mutane nan, sun kasa rabewa."

Ya ce, "Su suka saye shi ko ni?"

Na ce, "Wata biyu ke nan ban huta ranar Asabar ba. Na je Kaura ya fi sau biyar, na je Shinkafi, na ɓata wando. Duk abin da na kawo ka ce ba shi ba ne. In ba ka son a gama, ka gaya mini in huta."

Ban taɓa yi masa magana haka ba, balle a gaban mutane. Maginin ya sunkuyar da kai, maƙwabcin ya tuna yana da wani uzuri. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To huta, Malam," ya shige zaure. Na wanke buroshi da kananzir, na ɗaure kayana, na koma Sakajiki a ranar, ban ko tsaya cin abinci ba. Mako uku ban zo gida ba. Ina cikin aji ina rubutu a allo sai in tsinci kaina ina sake jera maganganun da ya kamata in faɗa masa. Wani lokaci kunya ta kama ni, wani lokaci haushin ya dawo sabo.

A mako na huɗu na shiga Kaura sayen alli da littattafan rajista, mai kanti ya hango ni ya yi mini hannu. Ya ce tun ranar nan abin yake ransa. Ƙofofin cocinsu da irin wannan fentin aka yi su, mahaifinsa ne ma ya bayar, kuma ya tambayi dattijon da ke kula da cocin, ya ce akwai sauran galan ɗaya a sito wanda aka taɓa kaɗan. Ya rufe kanti ya raka ni. Dattijon tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya fito da galan ɗin duk ƙura da tsatsa. Da muka buɗe, sama ya yi fata mai kauri. Ya yanke ta da wuƙa ya ɗaga, ga fentin nan a ƙasa lafiya lau. Na kawo maganar biya, ya ce a'a, in gai da tsohon, in ce masa wani wanda ya san darajar fentin ne ya aiko.

Ranar Asabar na shiga gida, na durƙusa na gai da Baba kamar ba abin da ya faru, shi ma ya amsa haka. Na ajiye galan ɗin a gabansa. Ya ɗauka, ya shafa gefensa, ya kama mariƙin, ya shinshina bakin murfin.

Ya ce, "Awo. Shi na. Ina ka samo shi?"

Na ba shi labari. Ya yi ta sa wa dattijon albarka, ya sa Inna ta auno gero a kai masa. Rabon da in gan shi cikin walwala haka tun kafin bangon ya zube. Na tace fentin da tsohon ɗankwali, na sirka shi da kananzir kaɗan, na shafa a sauran simintin da ya rage. Na kwana da sanyin rai.

Da hantsi ya fito dubawa. Ya tsaya gaban inda na shafa.

Ya ce, "An cuce ka, Malam. Galan ɗin shi na, amma an sauya abin ciki."

Ban san lokacin da na kama hannun rigarsa ba.  Na ja shi a hankali zuwa can hagu, ƙarshen bangon, inda shi da hannunsa ya shafa shekaru da suka wuce, inda ba wanda ya taɓa.

Na ce, "Wannan fa, Baba?"

Ya kai fuskarsa kusa har hularsa ta kusa taɓa bangon. Ya ce, "Shi ma duk ɗaya. Har nan ka kai buroshinka? Na ce maka kar a taɓa nan."

Na saki rigar. Na dubi fuskarsa a cikin hasken rana, abin da ɗa ba ya cika yi wa uba, na ga tsakiyar idanunsa ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa.

Na sami Inna a madafa tana tankaɗe. Na ce mata, "Inna, Baba ba ya gani sosai."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tun bara. Ba ka ga ya bar karatu ko da rana ba, sai tazbaha? In zai zuba shayi sai ya sa yatsa bakin kofi."

Na ce, "Kin sani kika bar ni ina ta yawo Kaura da Shinkafi?"

Ta ce, "Ya ce in na faɗa ma kowa bai yafe ba. Kuma ni ban san ciwon ido na hana ganin shuɗi ba. Na zaci fentin naka na ba kyau."

Na fita na zauna a bayan gida. Tausayinsa ya kama ni, amma ba zan ɓoye ba, haushi ya fi yawa. Haushinsa da ya ɓoye, haushin Inna da ta biye masa, da haushin kaina, ni da nake gane yaron da ba ya ganin allo tun daga layin baya, amma na yi wata uku ina kallon bango ban kalli mai bangon ba.

Shawo kansa ya je asibiti ya fi neman fentin wuya. Da farko ya ce idonsa lafiya lau. Sannan ya ce tsufa ne, ba a yi wa tsufa magani. Sannan ya ce sai an yanke gero, da aka yanke ya ce sai an kai dawa rumbu. Sai da na je na ɗauko ƙanensa daga garin Ɗan Isa, suka shige ɗaki su biyu suka daɗe, kafin ya yarda. Na kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce yanar ido ce, ta kama duka biyun, ya kuma ce masu irin wannan ciwon sukan ga komai ya yi rawaya-rawaya, shuɗi kuwa ya dushe musu. Baba yana zaune yana ji, bai dube ni ba. Aka yi wa ido ɗaya aiki, aka ce ɗayan sai gaba. Bayan makonni aka ba shi tabarau mai kauri kamar gindin kwalba.

Ranar da muka dawo da tabarau ɗin, mota ta sauke mu a bakin hanya muka tako. Da muka karyo kwana ya tsaya cak. Bangon na nan yadda na bar shi, kala biyar.

Ya ce, "Haka gidana ya zauna duk watannin nan, mutane na wucewa?"

Na ce, "Haka."

Ya bi bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya nuna shunayyar Shinkafi da sanda ya ce wannan ko a jikin akwati ba ya so. Ya tsaya a kan na cocin ya ce shi ne, amma ya fi tsohon sheƙi, sabo ne. Da ya zo kan na mai zanen motoci sai ya wuce, ya dawo, ya rasa inda ya fara.

Ya ce, "Wanga ya yi. Mi ya sa ba ka gama da shi ba?"

 Bai ce ya tuna abin da ya faru a kan wannan fentin ba, ni ma ban tuna masa ba.

Na cocin bai isa ya rufe bangon ba, don haka na koma bayan tashar Kaura. Aka ce mai zanen ya koma Gusau. Sai da na yi tafiya biyu kafin na same shi a wani gareji. Bai rubuta haɗin ba, bai ma tuna ni ba sai da na ambaci kore. Ya sake haɗawa daga guntun kwanon da na ajiye, amma shuɗin da yake samu yanzu wani iri ne, abin ya fito kusa, bai kai na farko ba. Na kawo galan biyu na gaya wa Baba gaskiya. Ya ce a shafe duka har da tsohon, ya gaji da tsayuwar mutane a ƙofar gidansa.

Na yi kwana biyu a kan tsani. Da na sauko ranar Lahadi da yamma, kafaɗuna kamar ba nawa ba, ya fito da tabarau ɗinsa ya duba sama da ƙasa. Bai yaba ba, bai kushe ba. Sai ya ƙwanƙwasa ƙyauren zaure da sanda, wanda tun asali kore ne.

Ya ce, "Yanzu kuma ƙofar ga ba ta dace da shi ba."

Na ce masa gobe Litinin, akwai makaranta. Na wanke hannuna da kananzir, na tayar da babur.